Riƙon Amana a Hidimar Kirista

Riƙon amana koyarwa ce ta addinin Kirista da ke ɗaukar hidimar ikilisiya a matsayin ajiyar Allah, wadda mai hidima zai ba da lissafinta. Tushenta yana cikin 1 Korintiyawa 4:1-2 da misalin talanti a Matiyu 25. Ta shafi wa'azi, kula da marasa lafiya, zakka da baiko.

A fannin kula da marasa lafiya, mishan na SIM ya kafa asibitin ido a ƙasar Kano a 1943, wanda yanzu yake hannun ikilisiyar ECWA. A yankin noman rani na Kura da Bunkure da ke ƙasar Kano, Musulmi ne mafi rinjaye, kuma kalmar amana tana da nauyi a wurin mabiya addinan biyu.