Ƙa'idojin ingancin rodi a Najeriya

Ƙa'idojin ingancin rodi su ne sharuɗɗan da sandar ƙarfen gini za ta cika kafin a ƙera ta, a shigo da ita ko a sayar da ita a Najeriya. Sun shafi kaurin sandar, nauyinta, sinadaran da ke cikinta da yawan nauyin da za ta jure. Kankare na jure danni amma ba ya jure ja, rodi ne ke riƙe shi. Ido ba ya tantance ƙarfin rodi, shi ya sa ake dogara da gwaji da takardu.

Hukuma da ma'aunai

Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Najeriya, wato SON, ita ke tsara ƙa'idojin. An kafa ta a 1971, kuma tana aiki da dokar 2015. Ma'auninta na rodi shi ne NIS 117. Injiniyoyi kan yi amfani da na waje ma, kamar BS 4449 na Birtaniya, ASTM A615 na Amurka da ISO 6935 na ƙasa da ƙasa. A BS 4449, lambar 500 da ke cikin sunan ajin B500 na nufin sandar za ta jure megafaskal 500 kafin ta fara miƙewar da ba ta komawa.

Masana'antun cikin gida na bin tsarin MANCAP, inda hukumar ke duba masana'anta tana gwada samfuri. Kayan waje kuwa suna ƙarƙashin SONCAP, wanda ya fara aiki a 2005.

Takardun shigo da kaya

Mai shigo da ƙarfe yana buɗe Fom M ta hannun banki. Sai ya haɗa da rasitin mai sayarwa, takardar lodin jirgi, takardar shaidar ƙasar da aka ƙera kayan da satifiket na SONCAP. Akwai kuma takardar gwajin masana'anta, mai nuna lambar narki da sakamakon gwajin kowane rukuni. Tun 2013 Hukumar Kwastam ke fitar da rahoton PAAR domin ƙididdige haraji. A jadawalin kwastam na duniya, ƙarfe na babi na 72, kayan da aka ƙera da shi kuma na 73.

A 2015 Babban Bankin Najeriya ya sa rodi cikin kayayyaki 41 da ya hana wa kuɗin waje a kasuwar gwamnati. An ɗage hanin a Oktoba 2023.

A arewacin Najeriya

An buɗe masana'antar murza ƙarfe ta Katsina a 1982, kuma an sayar da ita ga kamfanin Dana a 2006. A Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa na cikin manyan wuraren cinikin kayan gini, kuma daga birnin ne rodi ke isa garuruwa irin su Wudil da Kausani. Mai sayen sanduna kaɗan a irin waɗannan garuruwa ba kasafai yake ganin takardar gwaji ba, domin kayan sun ratsa hannaye da yawa.

Abin da ya rage masa shi ne tambarin masana'anta da ke jikin sandar da kuma sikeli. Mita ɗaya ta rodi mai kaurin milimita 12 na da nauyin kilo 0.888, wato sanda mai tsawon mita 12 ta kai kimanin kilo 10.7, kuma tan ɗaya na ɗauke da sanduna kusan 94. Mai milimita 16 kuwa kilo 1.58 ne a mita. Idan sandunan tan ɗaya sun zarce adadin da nisa, alama ce an rage kauri ko tsawo. Sikeli na nuna kauri ne kawai. Ƙarfin ja sai a ɗakin gwaji ake tabbatar da shi.