Sawaba da Ƴanci: Gyara ga Wata Fassara da Ta Zauna

Littattafan tarihin Nijar da dama, in sun zo kan jam'iyyar Jibo Bakari, sai su ce ma'anar Sawaba ita ce ƴanci, su wuce. A ganina fassarar ta yi gaggawa, kuma gaggawar ta ɓoye abin da talakan Yamai da Maraɗi da Damagaram yake nufi lokacin da yake ɗaga murya da wannan kalma.

Tarihin sananne ne (van Walraven, 2013): Jibo ya zama magajin garin Yamai a 1956, ya jagoranci gwamnati a 1957, ya nemi a ce "a'a" a ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba, 1958 kan ci gaba da zama tare da Faransa, aka kayar da shi, aka haramta jam'iyyarsa a 1959. Ranar 3 ga Agusta, 1960 Diori Hamani ya karɓi ƴancin kai.

Ƴanci matsayi ne. Tushensa ɗaya da ɗa da ɗiya, wato wanda ba bawa ba, shi ya sa a yammacin ƙasar Hausa ake cewa ɗiyauci. Ana ƴanta bawa a gaban shaidu, a rana sananniya. Sawaba kuwa a jiki ake jin ta: marar lafiya kan samu sawaba, haka wanda aka sauke wa kaya. Ƴan ƙwadago da direbobi da ƙananan ƴan kasuwa da suka bi Jibo, galibinsu ƴaƴa ne tun asali. Abin da ya dame su shi ne haraji, da danniyar kwamanda da hakimi, da tabon aikin tilas wanda sai a 1946 Faransa ta soke shi.

Masu fassara Sawaba da ƴanci suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Suna cewa ai abin da Sawaba ta nema a 1958 ficewa ce daga hannun Faransa nan take, kamar yadda Gini ta yi, to me ya rage in ba ƴanci ba? Suna ƙarawa da cewa a Kano ma, jam'iyyar NEPU da ta fito da sanarwar Sawaba a watan Agustan 1950 ta riƙa haɗa kalmomin biyu. Na yarda cewa a bakin shugabanni kalmomin sun kusanci juna. Sai dai sanarwar ta Kano ta fi karkata kan tsarin mulkin sarakuna da yadda yake danne talaka, abin da ke nuna cewa tafiyar Bature kaɗai ba ta cika ma'anar. Watakila iyakar abin da hujja za ta ɗauka shi ne wannan: a siyasar shekarun 1950, ƴancin kai hanya ce, sawaba ita ce abin da ake fatan tararwa a ƙarshenta.

Wata shari'a da aka yanke a Yamai ta ƙara fito da bambancin. Hadizatu Mani, wadda aka sayar tana ƴar shekara 12 a yankin Ƙonni a matsayin wahaya, wato baiwa, ta samu takardar ƴanci daga ubangidanta a 2005, bayan dokar 2003 da ta mai da bauta laifi. Duk da takardar ya hana ta tafiya, ya ce matarsa ce, har aka ɗaure ta don ta auri wani. Sai ranar 27 ga Oktoba, 2008 kotun CEDEAO ta samu gwamnatin Nijar da laifin kasa kare ta, ta umarci a biya ta sefa miliyan 10. Shekara uku ke nan tana ƴantacciya a takarda, ba ta ga sawaba ba.

Ina kira ga masu rubuta littattafan makaranta da masu fassara a gidajen rediyo su bar kowace kalma a mazauninta.