Ƙofar jami'a ga wanda ba shi da bak

Bak ɗin da muka gada daga Faransa, Napoleon ne ya kafa shi a 1808, ya zama makullin shiga jami'a. Amma Faransawan da kansu sun buɗe wata ƙofa daga gefe. A 1969 jami'ar Vincennes ta soma karɓar ma'aikata marasa bak, suna zuwa darasi da dare bayan an tashi aiki. A 1994 kuma aka kafa DAEU, karatun share fage na shekara guda. A reshen adabi, tarihi na cikin darussan da ake zaɓa. Mai shekara 24 na iya shiga, haka ma mai 20 in ya yi aiki shekara biyu. Wanda ya ci, takardarsa daidai take da bak.

Mu a Nijar ai mun ga misali. Boubou Hama daga makarantar malamai ta William Ponty ya fito, ya koyar da yara, sannan ya rubuta tarihin Gobir da na Songhai. Malamai da iyaye, yaron da ya faɗi bak amma yana son tarihi, a nema masa hanyar komawa aji kafin ya yanke ƙauna.