Yashi ya kama hayaƙi, ya cinye bututu

Mu masu aikin tukunyar tururi mun gaji wata dabara ne daga Fritz Winkler na kamfanin BASF a Jamus, wanda a 1922 ya yi rajistar hanyar hura iska ta ƙarƙashin garin kwal har ya riƙa ɓulɓula. Shi gas yake nema. Sai a shekarun 1960 Douglas Elliott a Ingila ya ce a ƙona kwal ɗin cikin yashi mai zafi, a binne bututun ruwa a ciki. Wanda ya taɓa ganin suyar gyaɗa da yashi a kasuwar Kazaure ya gama rabin karatun, domin yashi ne ke raba zafin daidai.

Hayaƙi ne ya sa aka yi rububin wannan dabara. Wutar takan tsaya wajen digiri 850, ƙasa sosai da ta manyan tashoshi, saboda haka gubar naitirojin ba ta yawa. In aka zuba niƙaƙƙen dutsen farar ƙasa, sai ya kama farar wutar da ke cikin kwal tun ba ta kai sama ba.

Ashe tsugunne ba ta ƙare ba. A tashar gwaji ta Grimethorpe, farkon shekarun 1980, an tarar yashi na cin bututu fiye da yadda aka zata. Yana kankare ɓawon da ke kare ƙarfe, farar wuta kuma ta samu inda za ta ci a lungunan da iska ba ta isa. Wannan na cikin abin da ya karkatar da masu ƙira zuwa tukunyar da yashinta ke tashi sama ya zagayo, ba bututu a gindinta, irin ta Lunen a Jamus ta 1982. A 2009 irin wannan tukunya a Lagisza ta Folan ta kai megawat 460. Zaizayar dai ba ta tafi ba, bango ta koma.

Mu nan kwal ɗinmu na nesa ne, sai Maiganga a Gombe ko Anu Araren a Nijar. Abin da manoman Roni, Gwiwa da Babura ke da shi karan gero da dawa ne, ga kuma ɓuntun shinkafa. A ganina nan ya kamata ɗaliban kwalejin Hussaini Adamu su sa ido. Kara na ɗauke da kulorin da fotashiyam masu cin bututun tururi, suna kuma dunƙule yashi ya daskare. Tokar ɓuntu kusan duk silika ce, kaifinta na goge ƙarfe. Maganin na farko an san shi, farin yumɓu ake zubawa ya kama fotashiyam. Na biyu sai an rage gudun iska, an kuma yi wa bututu riga.