Ajiya Maganin Wata Rana: Tarihin Tara Kaset da Fastar Fim a Ƙasar Ƙaraye da Rogo

Idan ana zancen kayan tarihi a ƙasar Hausa, abin da ke fara faɗo wa mutum a rai shi ne takubba da sulke da tambura da tsofaffin takardun ajami. Da wuya a ji wani ya ambaci kaset ɗin bidiyo ko kwalinsa, balle fastar da aka taɓa mannawa a bangon shagon haya. To amma duk wanda ya ƙi zubar da irin waɗannan kaya a garuruwan Ƙaraye da Rogo, a yammacin Jihar Kano, ya ajiye su a adaka ko ƙarƙashin gado saboda sha'awa, yana riƙe da shaidar wani zamani da ke dab da ɓacewa. Wannan maƙala za ta bi sawun yadda wannan sha'awa ta samo asali, da dalilin da ya sa ta cancanci a ɗauke ta da muhimmanci.

Mutanen karkara sun fara ganin hoto mai motsi ne ta hanyar majigi. A zamanin Turawa, da kuma zamanin gwamnatin Jihar Arewa, mota kan zagaya garuruwan hakimai, a kafa farin ƙyalle a fili bayan magariba, a nuna finafinan wayar da kai irin su Baban Larai, mai koyar da noman auduga. Gari na wayewa sai mota ta ƙara gaba. A birni kuwa akwai gidajen sinima: an buɗe Rex a Kano a 1937, daga baya aka sami irin su Palace da Plaza da Orion, inda finafinan Indiya suka kafa sansani a zukatan jama'a. Sai dai tsakanin Rogo da waɗannan gidaje akwai tafiya mai nisa, kuma sinima wuri ne da mutanen kirki ke ƙyama, musamman ga mata. Majigi da sinima sun yi tarayya a abu guda: mai kallo yakan tashi hannu rabbana, ba abin da zai kai gida sai labari.

Kaset ne ya sauya wannan lamari. Kamfanin JVC na ƙasar Japan ya fito da kaset samfurin VHS a 1976, kuma cikin shekarun 1980 na'urar bidiyo ta fara shiga gidajen masu hali a Arewa, ɗauke da finafinan Indiya da na Sin da na Amurka. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano, wanda ake ɗauka a matsayin mafarin fim ɗin Hausa na bidiyo da aka yi don kasuwa. Bayan kimanin shekara goma, finafinai irin su Sangaya da Wasila sun mamaye ko'ina, kasuwar Ƙofar Wambai kuma ta zama cibiyar rarraba su.

Akwai wani tsari na wannan kasuwa da ya kamata mai karatu ya lura da shi. Furodusa yakan buga kwalayen fim ɗinsa masu ɗauke da hotunan 'yan wasa, ya sayar wa dillalai, ya ba su uwar kaset. Dillalan su ne ke sayen kaset maras komai, su kwafi fim ɗin a kai, su sa a kwali. Ke nan haƙƙin mai fim yana jikin kwali ne, kuma da kwali ake bambance na gaske da na sata. A jikinsa ake samun sunan kamfani da na darakta da na 'yan wasa. Saboda haka wanda ya tara kwalaye ya tara rajistar masana'antar, ko da bai sani ba.

Daga Ƙofar Wambai kaset kan biyo motocin kasuwa zuwa garuruwa irin su Ƙaraye da Rogo, ya sauka a shagunan haya da gidajen kallo masu aiki da janareta. A nan ne tara kayan fim ya samu gindin zama. Saurayi ya roƙi tsohuwar fasta a wurin mai shago ya manna a ɗakinsa. Amarya ta jera kaset a kan kabad kusa da talabijin, kamar yadda iyayenta suka jera tasoshi da kwanonin samira. Ɗalibi ya adana mujallar Tauraruwa, wadda a cikinta sunan Kannywood ya fara fitowa, ko mujallar Fim da Ibrahim Sheme ya kafa a 1999. Finafinan barkwanci na Rabilu Musa Ibro, waɗanda suka yi magana da harshen mutumin ƙauye, sun sami karɓuwa ta musamman a irin waɗannan wurare. Yara maza kuma suka sami nasu rabon a shagunan gem, inda ake biyan kuɗi a buga wasan ƙwallo ko na dambe a na'urorin Sega da PlayStation, har wasu suka riƙa ajiye kaset da faifan wasannin suna musaya a tsakaninsu.

Sai zamani ya juya. Faifan sidi ya ture kaset, sa'an nan masu tura fim a waya suka ture faifai, daga bisani tashoshi irin su Arewa24, da aka buɗe a 2014, da dandalin YouTube suka kwashe masu kallo. A 2016 kamfanin Funai, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera na'urar kallon kaset, ya daina ƙera ta. Shagunan haya suka koma sayar da kati da cajin waya. Zaren kaset kuwa ba ya jure zafi da danshin damina da ƙurar hunturu, kwali kuma abincin gara ne. Fim ɗin da bai samu wanda ya mayar da shi kwamfuta ba, rayuwarsa ta rataya ga kwafin da ya rage a hannun wani.

Wannan tsoro yana da tushe. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya daɗe ana zaton ya salwanta. Sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Fim ta Nijeriya, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Idan fim ɗin da hukuma ta ɗauki nauyinsa ya kusa ɓata, ina ga wanda wasu samari suka haɗa da kuɗin aljihunsu? Ko a Amurka, wani bincike na ɗakin karatu na majalisar dokokin ƙasar ya nuna a 2013 cewa kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinanta na zamanin da ba a sa murya sun ɓace.

A wasu ƙasashe an daɗe da gane darajar irin wannan ajiya. A 2021 an yi gwanjon kaset ɗin wasan Super Mario 64, wanda ba a taɓa buɗewa ba, a kan fiye da dala miliyan ɗaya da rabi. A nan kusa, fastocin da masu zane na Gana suka riƙa yi a kan buhunan fulawa don tallan gidajen kallon bidiyo sun zama abin nema ga masu tara kayan fasaha a Turai da Amurka. Darajar namu kayan ta fi ta kuɗi nauyi, domin a cikinsu ake ganin yadda Bahaushe ya yi ado da zance da neman aure a ƙarshen ƙarni na 20, kuma a cikinsu muryoyin mamata irin su Ahmad S. Nuhu da Hauwa Ali Dodo da Ibro suka rage.

Akwai masu ganin cewa wannan shagala ce, kuma finafinan ba su kai a adana su ba. Ra'ayi ne mai tarihi, domin a ƙarshen shekarar 2000 gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim, sa'an nan ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001. Amma ita wannan muhawara tsakanin malamai da hukuma da 'yan fim wani babi ce ta tarihinmu, kuma mai nazari na gobe ba zai iya yi mata adalci ba sai ya ga abin da aka yi jayayya a kansa. Adana abu daban, yarda da shi daban.

Abin da ya rage shi ne a haɗa hannu kafin lokaci ya ƙure. Mai ajiya ya nisanta kayansa daga rana da danshi, ya rubuta sunan kowane fim da inda ya same shi. Masarautar Ƙaraye, wadda ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo ke ƙarƙashinta, tana iya ware ɗaki guda don karɓar irin waɗannan kaya, masana na Jami'ar Bayero da ma'ajiyar finafinai ta ƙasa da ke Jos kuma su taimaka wajen kwafe su a na'ura, a mayar wa kowa da abinsa. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Idan aka bari gara ta riga mu, jikokinmu za su ji sunayen finafinan nan kawai, kamar yadda muke jin labarin majigi a bakin kakanni.