Yadda yoga ta gangaro bakin teku

Wanda ya saba ganin hotunan da ake tallata sana'armu da su, mutum tsaye da ƙafa ɗaya a kan rairayi, zai ɗauka a bakin ruwa aka haifi yoga. Ba haka ba ne. Yogar motsa jiki da yawancinmu ke koyarwa a yau ta yi wayo ne a Maisur, gari na kan tudu a kudancin Indiya, nesa da teku. A 1933 Sarkin Maisur, Krishna Raja Wadiyar na Huɗu, ya ba wani malami, Tirumalai Krishnamacharya, ɗaki a fadar Jaganmohan don ya horar da samari. Daga hannunsa B.K.S. Iyengar ya fito, ƙanen matarsa, wanda ya koma Pune a 1937. Daga hannun Krishnamacharya kuma Pattabhi Jois ya fito, ya buɗe tasa makarantar a gidansa a 1948. Indra Devi, haifaffiyar Riga, ita ma a Maisur ta koya kafin ta kai ilimin Hollywood. Jois ya shafe fiye da shekara ashirin a gaban malaminsa. A wancan zamanin ba a maganar takardar shaida. Malami ne ke duban ɗalibi ya ce masa ya isa ya koyar.

Baƙi ne suka haɗa yoga da teku. Bayan Goa ta fita daga hannun Fotugal a 1961, samarin Turai da Amurka suka riƙa bin hanyar ƙasa ta Istanbul da Tehran da Kabul, su yada zango a ƙauyukan masunta irin su Anjuna, inda ɗaki ke da arha kuma ba sanyi. Wasunsu kan tafi cikin ƙasa su yi karatu, su dawo bakin ruwa su nuna wa abokai abin da suka samo. A ɗaya gefen duniya, Swami Vishnudevananda ya kafa zaurensa a tsibirin Paradise na Bahamas a ƙarshen shekarun 1960, sannan a 1969 ya fara kwas na horar da malamai a Kanada. David Williams da Nancy Gilgoff, waɗanda suka yi karatu a Maisur, suka gayyato Jois zuwa Encinitas a gaɓar Kalifoniya a 1975, daga baya suka koma tsibirin Maui. Hanyar ƙasa ta toshe a 1979 saboda juyin juya halin Iran da shigar sojojin Sobiyet Afganistan, amma jiragen sama suka maye gurbinta.

Abin da ya buɗe wa irinmu ƙofa, mu da muka ajiye aikin ofis, ya faru ne a 1999, sa'ad da aka kafa Yoga Alliance a Amurka, ta kuma ƙayyade awa 200 a matsayin mafi ƙarancin horon malami. Ƙungiyar rajista ce kawai, ba lasisi take bayarwa ba. Amma awa 200 na shiga cikin wata guda idan aka tashi da asuba aka kai dare, wata guda kuwa hutun shekara ne na ma'aikaci. Ni ma ta wannan ƙofa na shigo, daga aikin lissafin kuɗi. Littafin Elizabeth Gilbert na 2006 da fim ɗinsa na 2010 suka ƙara tura jama'a Bali, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ware 21 ga Yuni a matsayin ranar yoga, aka fara bikinta a 2015.

A nan nake da damuwa. Makarantun bakin teku sun gano cewa darasin safe ba ya biyan haya, kwas ɗin malamai ne ke biya. Sai aka koma malamai na yaye malamai, su ma su yaye wasu, kowane wata. Mutum bai taɓa riƙe ɗalibi mai ciwon gwiwa na shekara guda ba, bai ga yadda jikin mai ciki ke canjawa ba, sai ga shi yana danna bayan wani da ƙarfinsa. Wata guda ya isa a haddace sunayen tsayuwa da zama, bai isa a koyi kallon jikin mutum ba. Duk da haka ba na cikin masu kukan tsohon zamani ido rufe. Bayan rasuwar Jois a 2009, musamman daga 2017, mata da dama sun fito sun bayyana yadda ya riƙa taɓa su ta hanyar da ba ta dace ba da sunan gyara, jikansa Sharath kuma ya amsa hakan a 2019. Tsarin da ba a yi wa malami tambaya ya cutar da mutane. Neman izini kafin a taɓa ɗalibi, wanda ya zama al'ada a wurare da yawa yanzu, daga wannan ciwon ya fito.

Sabon shiga kan zo yana zaton ya huta da agogo. Aikin nan ci-rani ne. A kudancin Goa, inda nake, kaka na farawa a Nuwamba ta ƙare wajen Afrilu. Kafin damina ta sauka a Yuni ake kwance yawancin bukkoki da rumfunan bakin ruwa, domin izininsu na wucin gadi ne, malamai su watse, wasu Turai, wasu Dharamsala ko Rishikesh. Abin da aka tara a wata biyar ko shida shi za a ci a shekara. Ana biyan wasu bisa yawan waɗanda suka shimfiɗa tabarma, wasu kuwa ɗaki da abinci ne ladansu. Rabin yini na tafiya a amsa saƙonni, lissafi, sharar rairayi daga daɓe, da lallashin baƙon da cikinsa ya ɓaci. Kafinta da mai dafa abinci da mai wanki, waɗanda ba sa fitowa a hoto, su ne ke riƙe da wurin, kuma su aka fi bari a rana lokacin da Indiya ta rufe saboda annobar korona a Maris 2020. Malamai da yawa sun koma koyarwa ta intanet daga ɗakunansu, Yoga Alliance ta yarda a yi kwas ɗin awa 200 ta allo. Mai dafa abinci ba shi da wannan mafita.

Da aka sake buɗewa, wasu makarantun ba su dawo ba. Cikin waɗanda suka dawo, na fi girmama masu riƙe ma'aikatansu na gida har cikin damina, masu sa sabon malami ya yi kaka ɗaya ko biyu yana taimaka wa babba kafin a ba shi aji, da masu buɗe darasi ga mutanen ƙauyen a kuɗin da za su iya biya. Ba su da yawa, kuma kowace shekara hayar filin bakin ruwa na ƙara matsa su.