Daidaita Ingancin Bidiyo da Ƙarfin Sabis: Dabarun Zaɓi da Matsayin Kuɗin Data

Tsakure

Maƙalar ta nazarci yadda manhajojin kallo ke sauya ingancin bidiyo gwargwadon ƙarfin intanet. An bi diddigin manyan ayyukan da aka wallafa daga 2012 zuwa 2020, aka auna su da halin mai kallon da ke sayen data ƙwaya-ƙwaya. An gano cewa sun himmatu wajen hana tsayawar bidiyo da kyautata hoto, amma kuɗin data bai shiga lissafinsu ba.

1.0 Gabatarwa

Duk mai kallon Labarina ko Izzar So a YouTube ya san lokacin da fuskar jarumi ke dusashewa, sannan ta washe bayan ɗan lokaci. Ba lalacewa wayar ta yi ba. Manhajar ce ta ga sabis ya yi rauni, ta sauko kan hoto mai sauƙin nauyi don kada kallo ya tsaya. Tana da hujja: binciken Krishnan da Sitaraman (2012) a kan bayanan kamfanin Akamai ya nuna cewa masu kallo kan fara watsewa idan bidiyo ya wuce sakan 2 bai buɗe ba, kuma kowane ƙarin sakan yana ƙara masu tafiya da kashi 5.8 cikin ɗari.

2.0 Yadda Tsarin Yake Aiki

Ana adana bidiyo guda a matakai daban-daban, daga 144p har 1080p ko sama, a daddatsa kowane mataki gutsure-gutsure na sakan 2 zuwa 10. Akwai ƙaramin fayil mai ɗauke da jerin matakan da adireshin kowane gutsure. Da shi manhajar ke farawa, daga nan ita ce mai zaɓar matakin gutsure na gaba, ba sabar da ke aikowa ba. A kan haka aka gina HLS, wanda Apple ya fitar a 2009, da MPEG-DASH, wanda ya zama ƙa'idar ƙasa da ƙasa a 2012. Babu wanda ya ƙayyade dabarar zaɓi a cikinsu, shi ya sa masu bincike suka yi mata ca.

3.0 Dabarun Zaɓi

Dabara ta farko ita ce auna gudun da gutsuren baya ya sauka da shi, a ƙaddara na gaba ma haka zai zo. Huang da abokan aikinta na Jami'ar Stanford (2012) sun tona raunin wannan. Idan rumbun manhajar, wato inda take tara bidiyon da ba a kai ga kallo ba, ya cika, sai ta dakata da saukewa. A wannan ɗan hutun TCP, tsarin da ke jigilar bayanai a layin intanet, yana rage gudunsa. In akwai wani mai sauke babban fayil a layin, ma'aunin manhajar zai fito ƙasa da gaskiya, ta zaɓi ƙaramin mataki. Ƙaramin gutsure kuwa yana ƙarewa kafin TCP ya miƙe, ma'auni ya ƙara faɗuwa. Haka za ta yi ta gangarawa har ƙasan tsani, alhali layin bai gaza ba.

A 2014 Huang da abokan aikinta suka kawo mafita tare da Netflix: a duba rumbu, a bar hasashe. Rumbu ya kusa ƙarewa, a ɗauki mafi ƙanƙantar mataki. Yana cika, ana hawa. Sai a farkon kallo, da rumbu yake wayam, ake komawa ga ma'aunin gudu. Wannan ya rage tsayawar bidiyo da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari in an gwada da dabarar Netflix ta lokacin, ba tare da hoto ya ragu ba.

Daga baya wasu dabarun suka biyo: MPC (2015) ya haɗa ma'aunan biyu, BOLA (2016) ya kafa dabarar rumbu a kan lissafi, Pensieve na MIT (2017) ya bar kwamfuta ta koyi zaɓin da kanta. Amma gwajin Puffer (2020) a kan masu kallo na zahiri a Amurka ya nuna cewa da ƙyar dabaru masu sarƙaƙiya ke wuce ta rumbu. Wadda ta yi zarra, Fugu, an horar da ita ne da bayanan layukan da take aiki a kai. Pensieve kuwa da bayanan Amurka da Norway aka horar da shi. Don haka babu dalilin ɗauka cewa abin da ya koya a motocin haya na Oslo zai yi daidai da sabis ɗin hanyar Kano zuwa Maraɗi.

4.0 Giɓin da Aka Bari

Ma'aunin gamsuwa da MPC da Pensieve suka yi aiki da shi yana ba da maki ga kyan hoto, ya cire maki in bidiyo ya tsaya ko mataki ya yi ta hawa da sauka. Ke nan in layi na da ƙarfi, a cinye shi. Lissafin a fili yake: megabit 1 a sakan yana cin megabait 450 a awa. Shirin awa guda a megabit 3 zai ci gigabait 1.35, a megabit 0.3 kuwa megabait 135. Mai gigabait 1 a wayarsa, a mataki na sama ba zai ga ƙarshen shirin ba. A na ƙasa zai kalli bakwai har da saura. Gare shi, ranar da sabis ya yi kyau ita ce ranar da data ke ƙarewa da wuri, kuma a fuskar waya ƙarama ido bai cika bambance 720p da 1080p ba. Rumbun ma yana da tsadarsa: sakan 30 da aka tara a megabit 3, mai kallo ya sauya shiri, megabait 11 ne suka tafi a banza.

Gaskiya ne YouTube da Netflix suna da maɓallin tsimin data. Sai dai rufi ne kawai ake ɗora wa inganci; manhajar ba ta san nawa ya rage wa mutum ba. Abin da ya dace shi ne mai kallo ya faɗi megabait nawa zai kashe wa shirin, dabarar ta raba su, ta ƙara wa wuraren motsi, ta rage wa zaman hira a falo. Gina wannan sai da bayanan gudun sabis na wuraren da za a yi kallon. Muna kira ga sassan nazarin kwamfuta na jami'o'in Kano, Zariya da Yamai su tattara su, a gari da ƙauye da kan hanya, su sake su ga kowane mai bincike.